Haƙƙin Tsuntsaye a Wurin Yawon Sallah

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, Babbar Sallah ta ƙarato, matasanmu har sun fara karɓar kuɗin mota don fita yawo kamar yadda aka saba. Wannan ba laifi ba ne. Wanda ya shekara a rumfa yana fama da rana da cunkoson Legas ai ya cancanci ya kai iyalinsa su sha iska. Amma akwai abin da ya faru bara wanda har yau yake damuna, kuma ina cikin masu laifin.

Mun je wani bakin ruwa da motoci biyu. Muna sauka aka ƙure sifika. Yara suka bazu cikin ciyawa, wasu da danƙo a aljihu. Can sai ga wani yaro da 'ya'yan tsuntsu biyu a cikin hularsa, ko gashi ba su gama yi ba. Uwar tana ta shawagi a kanmu tana kuka, mu manya muna dariya, wasu na ɗaukar hoto. Kafin mu iso gida duka biyun sun mutu.

Da na ba Malam Liman labari, sai ya tuna mini hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud. A wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Wallahi kunya ta kama ni, don abin da muka yi ke nan, mu kuma babu wanda ya ce a mayar.

A Suratul An'am aya ta 38, Allah ya sanar da mu cewa tsuntsaye al'umma ce kamar mu. Aya ta 41 a Suratun Nur kuma ta nuna suna yi masa tasbihi. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan ƙaramin tsuntsu ba bisa haƙƙi ba, za a tambaye shi ranar ƙiyama.

To, ba sai an kashe ba ne ake cutarwa. Sallar bana a damina ta faɗo, lokacin da tsuntsaye da yawa ke kwanci. Idan hayaniya ta kori uwa daga sheƙa, ƙwai ya huce ko rana ta gasa shi, hankaka da shaho kuma dama jira suke. Wasu tsuntsayen a ƙasa suke ƙwai, launinsa kamar yashi, mai ƙwallo ko mai babur zai take bai ma sani ba. Ƙarar kiɗa tana danne kukan da suke kiran juna da shi. Leda da zaren da muke zubarwa kuwa suna naɗe musu ƙafa.

Akwai kuma baƙi irinmu. Duk shekara idan sanyi ya shigo Turai, tsuntsaye kan ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, wasu su wuto har Kudu. Kafin su koma sai sun tara kitse, shi ne guzurinsu. Duk korar da aka yi musu suna cikin kiwo, guzurin ne ke raguwa. Mu da muka san zafin a tashe mu daga inda muke neman abinci, ai bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. A gida shamuwa kan yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, kuma yaron da ya jefe ta ya san abin da zai tarar a hannun manya. Wannan tarbiyyar kada mu bar ta a tasha.

Don haka ga abin da kwamitin masallaci ke roƙo. Iyaye su duba aljihun yara, danƙo ya zauna a gida. Ba za a ɗauki sifika ba. Idan tsuntsu ya tashi yana kuka yana kewaya ku, kun matsa kusa da sheƙarsa ne, ku ja da baya. Masu zuwa Lekki Conservation Centre, dajin nan mai hekta 78 da aka keɓe tun 1990, su tsaya kan hanyar katakon da aka shimfiɗa, su rage murya. Kowace mota ta tafi da buhun shara, ta dawo da shi.

Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya sanya tausayi a zukatan 'ya'yanmu, ya nuna mana Sallah lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci