HAƘƘIN ƊAN HANYA A KAN MAZAUNA GARI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan karo a kan matafiyi take, wanda Alƙur'ani ya kira ibnus sabil, wato ɗan hanya.

A bazarar 2012 na tashi daga Sarkin Hausa zuwa Difa domin ta'aziyya. Muka hau babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Nijar daga yamma har Ngigmi, muka wuce Tasawa da Damagaram da Gure. Kafin Maine-Sorowa motarmu ta mutu bayan la'asar, mu goma sha tara, har da mai jego. Kafin magariba ruwanmu ya ƙare. Motoci uku suka wuce, babu wadda ta tsaya. Sai ga wani tsoho daga Mangawa bisa jakinsa, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya dube mu, ya juya. Ba a jima ba ya komo da ƴaƴansa, ɗauke da jarka biyu na ruwa da ƙwaryar nono, suka tafi da mata da yara gidansa suka kwana. Da safe muka haɗa jika biyar, na ce, "Baba, ga ɗan goro." Ya mayar da hannuna, ya nuna sama da yatsa. Har yau ban san sunansa ba, amma ban daina sa shi cikin addu'a ba.

Ya ƴan'uwa, mu muna kiran wannan alheri, amma a shari'a haƙƙi ne ya sauke. A cikin Suratut Tauba, aya ta 60, Allah (S.W.T.) ya lissafa mutane iri takwas da ake ba zakka, ɗan hanya yana cikinsu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, kuma bai sami mai ba shi rance ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 36, an ambace shi tare da iyaye da dangi da marayu da maƙwabta. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, ya kuma sanya liyafa kwana uku.

Ku tuna mutanen alƙaryar da Suratul Kahfi ta ba da labarinsu, waɗanda suka hana Annabi Musa (A.S.) da abokin tafiyarsa abinci. Ba su san wanda suka kora ba. Ku tuna kuma Ummu Ma'abad, wadda Annabi (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar (R.A.) suka sauka a hemarta a kan hanyar Hijira, a shekarar 622. Ba ta da komai sai akuya ramammiya, ba ta hana ba, Allah ya sanya albarka a cikin nononta. Ita ma ba ta san wanda ta saukar ba.

Kada a ɗauki ruwan matafiyi ƙaramin abu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama ƴan ƙasar Kance. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

To, yaya halinmu yake a nan? Ƴaƴanmu na tafiya cin rani Kano da Agadas da Libiya, muna roƙon Allah ya haɗa su da mutanen kirki. Amma idan mota ta lalace a bakin garinmu, sai wani ya ninka kuɗin ruwa da na fura, wani ya rufe zaurensa. Wanda ke so a ji ƙan ɗansa a garin wasu, ya ji ƙan ɗan wasu a garinsa.

Wani zai ce zamani ya ɓaci, ba a san na kirki da mugu ba. Gaskiya ne, kuma addini bai hana taka-tsantsan ba. Wanda yake tsoron saukar da baƙo a gidansa, ya kai shi wurin mai gari ko liman, a san sunansa da inda ya nufa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Tsoro ba ya halatta barin mutum ya kwana da ƙishirwa.

Saboda haka muna kira ga kowane masallaci na ƙasar Mayahi da Tasawa da ya ajiye randa cike da ruwa a bakin hanya, ya keɓe wani abu daga zakkar hatsi domin matafiya. Direbobi kuma su riƙa tsayawa ga wanda motarsa ta mutu, ko da tambayar lafiya ce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya saka wa tsohon nan da Aljanna, ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.