Ƙanƙara Ta Fasa Rufi, Wa Zai Biya?

Ina so mu duba wata tambaya tare, wadda ta same ni a gida, ba a makaranta ba. In ɓarna ta auku, ba kuwa da laifin kowa ba, a wuyan wa ta ke?

Gidan kakana yana cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Kuyambana. Ubana ya bar gidan tun yana saurayi, sa'ad da ya zama mai bi, ya koma Wusasa, can aka haife mu. Gidan kuwa har yau ba a raba shi ba. Akwai zaure na ƙasa mai daurin guga, da soro biyu masu azara, da ɗaki 3 waɗanda baffana ya rufa da kwano a 1975, da kuɗin Udoji. Gwaggona tana cikin ɗaya, ta haura shekara 70, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye. Ɗan baffana da iyalinsa suna cikin sauran. Waɗansu magada suna Kaduna, wani yana Ikko.

Ran nan da farkon damina, bayan an yini ana zafi, sai hadari ya taso daga gabas wajen la'asar, da iska mai ƙarfi. Kafin ruwa ya sauko sosai sai ƙanƙara, kamar goro kamar goro. Ba ta daɗe ba, amma da ta ɗauke, kwanon nan ya zama kamar rariya, iska ta yaye wani sashi, yaɓen soro kuma ya farfashe. Daren nan gwaggo a zaune ta kwana, da kwanonin abinci jere a tsakar ɗaki suna tarar ruwa.

Da labari ya kai Wusasa, wani daga cikin masu bi ya ce mini, ai hukunci ne ya sauka a kan gidan da ya kori ubanka. Na tsawata masa, ina kuwa roƙonku kada irin wannan magana ta fito daga bakinku. Ƙanƙara ruwa ce. Iskar da ke cikin gajimaren hadari ita ke tura ɗigon ruwa sama can inda sanyi ya yi tsanani, ya daskare, ya yi ta tara wani ruwan a jikinsa har ya yi wa iskar nauyi, sa'an nan ya faɗo. Ba ta tambayar addinin mai gida. Mutanen Jos sun fi mu saninta, tana kuwa kakkarya masarar mai bi da ta wanda ba mai bi ba a rana ɗaya.

Aka kira kafinta da magini su yi lissafi. Ɗaki guda yakan ci kusan bandir guda na kwano, watau falle 20, ga shi ɗaki 3 ne. Da aka ɗaga kwanon sai aka tarar gara ta cinye rabin katakon. Ga ƙusa, ga silin da ya jiƙe ya rufto, ga ladan aiki. Magini kuma ya ce azara huɗu sun ruɓe a soro ɗaya, azara kuwa yanzu sai an sa a kawo daga nesa, gama giginya ta yi ƙaranci kusa da gari. Jimilla ta haura N700,000. Wannan albashin wata 10 ke nan na ƙaramin ma'aikaci, tun da shi ke N70,000 aka yanka mafi ƙarancin albashi a 2024. Kun dai san yadda kayan gini suka tashi tun 2023, sa'ad da aka janye tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi. Inshora kuwa, ban taɓa jin wani a unguwar nan ya yi wa gidan gado ba.

Muka taru a zaure. Ni ma aka aiko mini, na yi mamaki, na je.

Wanda ya zo daga Kaduna ya fara. Ya ce, "Yaya, shekara 20 ban kwana a gidan nan ba. Can ina biyan haya. Ku kuna zaune kyauta. Wanda ke shan inuwa ai shi ke gyara rumfa." Ɗan baffana ya ce, "To, in haka ne ka rubuta ka bar mana rabonka. Ranar da za a sayar da gidan ba za ka ce ba ka kwana a ciki ba. Kowa ya biya gwargwadon gadonsa." Na Ikko ya yi magana ta waya, ya ce a sayar kawai, kowa ya huta. Gwaggo tana bayan ƙofa tana ji, ba wanda ya tambaye ta inda za ta koma.

Ni kuwa, bari in faɗa muku gaskiya ko da ta ke abin kunya ce. Da na ji an ce gwargwadon gado, sai na ji sanyi a raina. Bisa ga shari'ar da gidan ke bi, bambancin addini yana hana gado, saboda haka ubana bai gaji ko tubali ɗaya ba, balle ni. Na ce a zuciyata, madalla, dokar da ta fid da mu daga gidan yau ta fid da ni daga biya.

Da na koma gida na kasa barci. Abin da ya dame ni shi ne, duk wanda ya yi magana a zauren nan gaskiya ya faɗa. Na Kaduna bai yi ƙarya ba. Ɗan baffana bai yi ƙarya ba. Ni ma hujjata ba ta da rami, ko gaban alƙali aka kai ta za ta tsaya. Amma in an tara gaskiyarmu duka wuri ɗaya, abin da ta haifa shi ne tsohuwa tana kwana a zaune.

In shanun wani suka cinye gonar wani, abin da sauƙi. Akwai mai laifi, a kira shi, a ƙimanta ɓarna, ya biya. Mun saba da wannan ƙwarai, har mun ɗauka biya duka horo ne. Saboda haka in an ce wa mutum kawo kuɗin rufi, sai ya ji kamar an ce masa kai ne ka fasa, ya shiga wanke kansa. Amma ƙanƙara ba ta da makiyayi da za a kai ƙara. Laifi dabam, nauyi dabam. Uwa ba ita ta sa wa ɗanta zazzaɓi ba, duk da haka ita ke kwana a kansa, ba ta kuwa jin an zalunce ta.

Har wa yau, ko maganar cewa ba laifin kowa ba ne, da na sake dubawa sai na ga ba ta cika ba. Maƙwabcin gidan ya sa sabon kwano shekara 3 da suka wuce. Ƙanƙara ɗaya ta sauka musu, nasa lotsawa kawai ya yi. Namu ya shekara wajen 50, tsatsa ta riga ta ci shi, ramukan ƙusa sun buɗe. Indararon soro kuma ya toshe da ganye tun bara. Ashe ƙanƙara bashi ta zo karɓa, bashin da mu duka muka daɗe muna ci, na ciki da ba su gyara ba, da na waje da ba su taɓa tambaya ba.

Kakanninmu ba haka su ke biyan rufi ba. Rufin ƙasa kowace shekara a ke biyansa, kaɗan kaɗan. Kafin ruwa ya sauko a hau soro, a share indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, mai hali ya sa makuba ko laso. Aikin kuwa yana da wurin kowa. Yaro ya ɗebo ruwa, saurayi ya taka ƙasa, mata su yi fura, magini ya hau sama. Wanda ba shi da ko anini yana iya sauke nauyinsa da ƙafarsa da hannunsa. Shi ya sa su ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kwano ya zo, ya hutar da mu daga aikin shekara shekara, ba ni kuwa zarginsa, gama nawa ɗakin ma kwano ne. Amma ya mai da nauyin duka ya zama kuɗi, ya tara shi wuri ɗaya, ya ajiye wa jikoki. Zumuntar da a ke sabuntawa a kan soro kowace bazara ita ma ta huta, har ta yi tsatsa.

Ginin ƙasa yana daɗewa in ana kula da shi. Majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa da ƙasa aka gina ta a 1929, irin ginin Hausa, tana nan tsaye. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim cikin shekarun 1830, ya ga damina kusan 190. Amma mutanen Zariya ba za su manta da ran 11 ga Agusta 2023 ba, sa'ad da wani sashi nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka yi hasarar rayuka, gari duka ya yi makoki, har da mu. Na ambaci wannan domin ku lura da watan. Rufin da ya sha ruwa a Mayu da Yuni, a Agusta ya ke nauyi. Mu kuwa muna zaune a zaure muna gardamar rabo, sai ka ce damina za ta jira mu gama.

To, mene ne daidai? Ga abin da na gani, ko da ya ke na san wani zai ga dabam. Maganar ɗan baffana tana da ƙarfi: wanda ke riƙe da rabo a gida yana riƙe da rabo a rufinsa, ba shi yiwuwa mutum ya gaji ƙasa ya ƙi gadon yoyo. Maganar na Kaduna ita ma tana da wuri: mazauna gida su ne da gyaran yau da kullum, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma waɗannan biyu iyakarsu su nuna mafi ƙarancin abin da ke kan mutum. Ba su isa su rufe ɗaki ba. Gwaggo tana da rabo, rabin na namiji, ba ta da ko sisi. Ni ba ni da rabo, ina da albashi, kome ƙanƙantarsa. In aka tsaya a kan ma'aunin gado kaɗai, an ɗora wa wadda ba ta iyawa, an sallami wanda ke iyawa.

Matata ta kawo mini hujjoji, ba kuwa na banza ba. Ta ce kuɗin makarantar yara yana gaba. Ta ce a cikin ekklesiyarmu ma akwai gwauraye da ɗakinsu ke yoyo, me ya sa ba su ne da fari ba? Ta kuma tambaye ni, ko dai so na ke in saya wa kaina wurin zama a zauren da aka hana ubana? Wannan ta ƙarshe ta soke ni, gama akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Mutum yana iya ba da kyauta domin ya kunyata wanda ya karɓa. Na ce mata gwaurayen ekklesiya suna da jama'a da baiko a bayansu, ba za mu bar su ba. Gwaggo kuwa ƙanwar ubana ce, in na ce ba ruwana sai an koma kan takardar gado, to, na yarda ke nan takardar ce ta yi mu dangi, ba jini ba. Muka shirya cewa ba za mu ci bashi ba, abin da za mu bayar kuma ba za mu taɓa ambatonsa ba ranar rabon gida.

Wani abu yakan ba ni dariya in na tuna. A cikin Markus sura 2 akwai labarin mutum huɗu da suka fasa rufin wani gida a Kafarnahum domin su saukar da abokinsu shanyayye. Rufin ƙasa ne bisa itace, kusan irin namu. Na yi wa'azi a kan wurin nan ba sau ɗaya ba, ban taɓa tunanin mai gidan ba sai bana. Ba a faɗa mana wanda ya gyara masa ba. Amma lalle wani ya kwaɓa ƙasa washegari.

Na koma birni ran Asabar, na sami ɗan baffana a zaure. Na ce, "Yaya, a bar maganar jimilla tukuna, ta fi ƙarfinmu. A fara da ɗakin gwaggo. Ni zan kawo bandir guda da ƙusa." Ya yi shiru, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Kai da ba ka da kome a gidan?" Na ce, "Ina da gwaggo." Ya ce shi zai ɗauki katako da ladan kafinta. Samarin gidan da na maƙwabta suka yi gayya a kan soro, suka share indararo, suka yi yaɓe, magini ya tokare azarar da ta ruɓe kafin a samo sabuwa. Da na Kaduna ya ji an fara, ya aiko da rabin abin da aka yanka masa, ya ce sauran sai bayan salla. Na Ikko har yanzu wayarsa ba ta shiga.

Ɗaki biyu suna nan da tampol da duwatsu a kai, yaran ɗan baffana suna kwana a zaure in hadari ya haɗu. Ran da aka gama ɗakin gwaggo na shiga gaishe ta. Ta sa mini albarka, ta tambayi matata da yara da sunansu ɗaya ɗaya. Sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, ka faɗa musu kada su sayar wa 'yan gwangwan da tsohon kwanon. A zaɓi masu dama a rufa wa awakina, su ma ruwa yana dukansu."