Yarinyar da Alƙalami Ya Hau Kanta

A Amurka doka ta yarda uba ya cire ɗansa daga makaranta ya koyar da shi a gida har aji 12, ya kuma nema masa jami'a da sakamakon da shi uban ya rubuta da hannunsa. Tun 1993 babu jihar da ta hana wannan cikin jihohi 50. A 1925 ma Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar Oregon da ta tilasta wa yara shiga makarantar gwamnati, bisa hujjar cewa yaro ba mallakin hukuma ba ne. A 1972 kuma ta yarje wa mabiya ɗariƙar Amish na Wisconsin su janye 'ya'yansu bayan aji 8. Kiristoci masu riƙo da addini ne suka fi shan wahalar buɗe wannan ƙofa, mu Musulmi muka zo muka tarar da ita a buɗe.

Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, inda Hausawan Ghana da Nijar da Nijeriya muke haɗa sahu a masallatai. 'Yata ta gama aji 8, saura shekara huɗu na sakandare tsakaninta da jami'a. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka san abin da ke cikin makarantun nan kuwa? Wiwi, rashin kunya, raina iyaye. Ka kai baligar yarinya can, gobe me za ka ce wa Allah?" Maganarsa ta yi min nauyi, domin gaskiya ce. Suratut Tahrim ta umarci mumini ya kare kansa da iyalinsa daga wuta, Manzon Allah (SAW) kuma ya sanar da mu cewa kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Amma akwai abin da na ga muna tsallakewa. Yarinyar da muke magana a kanta shekararta 14. Alƙalami ya riga ya hau kanta. Sallarta tata ce, azuminta nata ne, mala'iku suna rubuta mata littafin da ba za a karanta da sunana ba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan aikin na shekarun da suka wuce ne. Abin da ya rage min yanzu shi ne in koya mata ɗaukar nauyin da shari'a ta riga ta ɗora mata, kuma ban ga yadda mutum zai iya cewa a'a ba alhali ba a taɓa miƙo masa haram ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna wannan. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan keɓewa daga mutane. Ya jero amfaninta, kamar tsira daga giba da mugun aboki, sannan ya jero abin da mai keɓewa ke rasawa: koyo da koyarwa, horon rai ta hanyar jure halin mutane, tawali'u, da gogewa. Bai yanke hukunci ɗaya ga kowa ba, ya mayar da abin ga halin mutum da halin waɗanda zai zauna da su. Akwai kuma hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, mai fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya janye.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Tambayoyin nan za su zo, ko mun so ko mun ƙi: ra'ayin Darwin a ajin kimiyyar halittu, ƙawa mai kirki wadda ba ta yarda akwai Allah ba, malamin da zai tambaye ta ko tilasta mata hijabi aka yi. Na fi son su same ta tana da shekara 15, ta dawo gida da yamma ta zube min su, mu buɗe littafi, in ya fi ƙarfina mu je wurin liman. In na ɓoye ta, za su same ta tana da 18 a ɗakin kwanan ɗalibai, a wani gari mai nisa, babu uwa babu uba a kusa.

Iyayenmu ma ba su cika koyar da 'ya'yansu da kansu ba. Malam mai almajirai yakan tura nasa ɗan wurin wani malamin, don ya san tausayin uba na ɓata horo. Za a ce Nana Asma'u a gida ta yi karatu. Haka ne, amma gidan Shehu Usmanu a Degel makaranta ce cike da malamai maza da mata, kuma da ta ƙoshi da ilimi sai ta isar da shi ga matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru. Ɗaki biyu a hawa na huɗu a Bronx ba Degel ba ne.

Sai kuma aikin koyarwa a gida kansa. Jihar New York na buƙatar sanarwa kafin 1 ga Yuli, da tsarin darussa a rubuce, da rahoto sau huɗu a shekara, da gwajin ƙarshen shekara. Ɗan karatun gida ba ya samun shaidar kammala sakandare ta jiha, sai ya bi wata hanya, kamar wasiƙar shugaban ilimi na gunduma ko jarrabawar GED. Jami'o'i suna karɓar irin waɗannan yara, suna duba jarrabawar SAT da ta AP da kwasa-kwasan da suka yi a ƙananan kwalejoji. Iyaye masu ilimi da lokaci suna yin abin da kyau, na kuma ga 'ya'yansu masu haddar Alƙur'ani da ƙwarewa a lissafi. Yaron da ake zalunta a makaranta ma cire shi wajibi ne. A 2020 hukumar ƙidaya ta Amurka ta ga gidajen baƙar fata masu karatun gida sun tashi daga kashi 3.3 zuwa 16.1 cikin ɗari. Amma uban da ke tuƙa tasi awa 12, da uwar da ke kwana wurin kula da tsofaffi, wa zai koyar? Kwamfuta ce za ta zama malama, alhali abin da ke cikin intanet ya fi na harabar makaranta muni. Abin da ya fi min ciwo shi ne 'yan mata aka fi cirewa, su ƙare da raino da girki, 'yan'uwansu maza na tafiya aji. Wannan zalunci ne, ko da an yi masa rigar addini.

Makarantar gwamnati ma ba ta rufe wa addininmu ƙofa ba. Tun 1962 aka hana makaranta jagorantar addu'a, amma ɗalibi na da ikon yin tasa, wata doka ta 1984 kuma ta kare ƙungiyoyin addini na ɗalibai. A 2015 birnin New York ya sanya ranakun sallah ƙarama da babba cikin hutun makarantu, sakamakon naci na iyayen da suka zauna a ciki suka yi magana.

'Yata za ta shiga makarantar gwamnati, da Islamiyya Asabar da Lahadi, ni kuma ba zan bar taron iyaye ya wuce ni ba. In na ga cuta ta tabbata, zan cire ta ba tare da jin kunyar kowa ba. Ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a takardar cire ɗanka, je ka ga makarantar da idonka, ka lissafa awannin da za ka iya zama da shi, sannan ka kira shi ka ji ta bakinsa.