Hannuwan Inna

Ƙanwata, na zo gaisuwa ranar uku, na tarar da gidan cike da jama'a, ban samu na zauna kusa da ke ba. Shi ya sa na rubuto. Rashin uwa babban rashi ne, kuma ba zan ce miki ki daina kuka ba.

Na san Inna tun tana kan keken ɗinkinta a kasuwar Sabon Gari. Hannuwan nan da suka ɗinka mana kayan Sallah, su ciwon ya fara kamawa. Da hunturu ya shigo sai yatsunta su yi fari, su koma shuɗi, su yi sanyi ƙalau. Sannu a hankali fatar ta yi tauri tana ƙyalli, har zura zare a allura ya gagare ta. Daga baya loma ta riƙa tsaya mata a ƙirji, numfashi ya riƙa yi mata wuya.

Kin sha jin maganganu, wai sammu ne, wai kada a haɗa kwano da ita. Ke kuwa ba ki fasa ci tare da ita ba, kuma kin yi daidai. Likitocin asibitin koyarwa na Shika sun gaya miki sunan ciwon, sikilarodama, cutar taurin fata. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, sai jiki ya yi ta tara sinadarin kolajin fiye da kima a fata, da huhu, da hanyar abinci, wani lokaci har ƙoda ta taɓu. Ba a ɗaukarta daga wani. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma ko a Ingila da Amurka magani sassautawa kawai yake yi. Na kawo wannan ne don na ji kina zargin kanki. Babu sakacinki a ciki, wa'adi ne ya cika.

Na ga yadda kike ɗumama mata ruwan alwala kafin Asuba, kina shafa mata man kaɗe, kina sa mata safar hannu. Ita kuma in an tambaye ta ya jiki, sai ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ciwon da mumini ya jure kankarar zunubi ne, jinyar uwa kuwa ladanta na wurin Allah.

Allah ya jiƙan Inna da rahama, ya sa ciwon ya zame mata kaffara, ya ba ki haƙurin rashi. Ranar Juma'a bayan La'asar zan shigo Samaru. In kina son magana mu yi, in kuwa shiru kike so, sai mu zauna tare.