Shin Ana Yi Wa Wanda Ya Kashe Kansa Addu'a? Tambayar Wani Ɗan Acaɓa



Wani bawan Allah ɗan acaɓa ya turo mini saƙo cikin dare. Abokinsa ne, inuwa ɗaya suke zama suna jiran fasinja shekara da shekaru, aka wayi gari ya kashe kansa. Ya ce: "Malam, mun kai shi, amma bakina ya kasa yi masa addu'a. Wasu a majalisarmu sun ce ɗan wuta ne, kada mu wahalar da kanmu. Ni kuma ina ganin laifina ne, don ya ce mini ya gaji, na ce masa ya daina raki." Na nemi izininsa in amsa a fili, domin na san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya ba.

Mu fara da abin da babu saɓani a kai. Kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, kuma hadisan da suka yi gargaɗi a kansa ingantattu ne. Rai amana ce a hannunmu. Wanda ya sassauta wannan ya yaudari mutane.

To amma daga "zunubi ne" zuwa "wane ɗan wuta ne" akwai tafiya mai nisa, kuma ba mu aka ba alƙalancin ba. A Sahihu Muslim akwai labarin Ɗufail bin Amr Ad-Dausi (RA). Wani mutumin ƙabilarsa ya yi hijira tare da shi, ya kamu da ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufail ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, sai dai hannayensa a lulluɓe, ya shaida masa an gafarta masa saboda hijirarsa. Da labarin ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya roƙa wa hannayen ma gafara. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa mai kashe kansa bai fita daga Musulunci ba, yana ƙarƙashin ikon Allah. Gaskiya ne an ruwaito Annabi (SAW) bai sallaci wani da ya kashe kansa ba, amma mafi yawan malamai sun fahimci hakan a matsayin tsoratarwa, kuma suka ce ana yi masa wanka, a sallace shi, a binne shi cikin Musulmi. Saboda haka, ɗan'uwa, ka buɗe baki ka roƙa masa gafara.

Sannan akwai maganar hankali. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Matsalarmu ita ce, in aka ce taɓin hankali sai mu hango mai yawo tsirara a bola. Ciwon damuwa ba haka yake zuwa ba. Mutum zai yi wanka, ya yi sallah, ya tada mashin, har ya yi wa fasinja dariya, alhali wata uku bai yi barcin kirki ba, abinci bai masa daɗi, kuma wani abu na raya masa cewa shi kaya ne a kan iyalinsa. Ban ce duk wanda ya kashe kansa an ɗauke masa alƙalami ba. Cewa na yi mu ba mu san iyakar abin da ciwon ya ci daga hankalinsa ba, Allah ne Ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, ciki har da masu sallah da azumi.

Ku dubi rayuwar ɗan acaɓa da idon adalci. Da yawa mashin ɗin ba nasu ba ne, kullum sai sun kai balas, ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ke saura bayan an sha mai ya ƙara tsukewa. A Kano an hana acaɓa tun Janairun 2013, a Legas ma an hana a manyan unguwanni, inda yaranmu da yawa ke ci-rani, mashin ɗin da aka kama kuwa sau da yawa shi ke nan. Ga ɓarayin mashin, ga hatsari. Wanda ya taɓa ɗauke gawar abokinsa daga kan kwalta, washegari ya sake bin hanyar nan, akwai abin da ke zaune a ƙirjinsa. Sai wasu su koma wa tiramadol don su iya jure wuni a rana, ƙwayar kuma ta ƙara dagula ƙwaƙwalwa. Duk wannan ba uzurin kashe kai ba ne. Bayani ne na yadda namiji ke karyewa a gabanmu muna cewa "ai wane jarumi ne".

Mu masu wa'azi ma da namu. Sau nawa mai damuwa ya zo, muka sallame shi da "ƙarancin imani ne" ko "aljanu ne"? Addu'a da ruƙya gaskiya ne, amma wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a kuma mu kai shi wurin ɗori. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Ciwon damuwa yana jin magani.

Game da ganin laifin kanka kuwa: kalmar da ka faɗa masa ba ta yi daɗi ba, ba zan ce maka ta yi ba. Amma ba ka san abin da ke zuciyarsa ba, kuma ba kai ka kashe shi ba. Ka yi istigfari, ka yi kukanka, Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. In tunanin ya hana ka barci ko aiki, kai ma ka ga likita.

Abin da ya rage a hannunku shi ne masu rai. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin takaba da maraici kamar kowa, ga ƙarin kunya da tsegumin unguwa. Ku je ta'aziyya a ƙungiyance, kada ku tambayi "yaya aka yi". In akwai bashin mashin a kansa, ku zauna da mai mashin. Ku da kuke adashi don gyaran inji, ku ware wani abu don kuɗin makarantar yaran.

Idan kuma wani a inuwarku ya sake cewa ya gaji da rayuwa, ko ya fara raba kayansa yana neman yafiya ba dalili, ku kashe mashin ku zauna. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da wani babba a gidansu, ɗayanku ya goya shi zuwa asibiti a ranar.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalinsa da ku haƙuri.