Mabuɗin da Ake Sacewa Alhali Yana Hannunka

Ɗan kasuwar da mabuɗin shagonsa ya ɓace ba ya kwana yana nema. Kafin magariba ya sa an fasa kwaɗon, ya ɗaura sabo. Abin da ya cece shi kuwa shi ne ya laluba aljihu ya ji wayam.

Mai rubuta manhaja bai samu wannan gata ba. Idan zai haɗa aikinsa da manyan kwamfutocin haya na Amazon, waɗanda ake kira gajimare, ana ba shi layi biyu: lambar shaida da galibi ke farawa da AKIA, da kuma ta sirri mai haruffa 40. Duk wanda ya zo da su, na'ura za ta karɓe shi a matsayin mai gida, ba tambaya. Ɓarawo kuwa kwafa kawai yake yi. Naka na nan yana aiki lafiya lau, nasa ma haka.

Shi ya sa Toyota ta daɗe ba ta sani ba. A Disambar 2017 wani ɗan kwangila ya ɗora wani sashe na manhajarta ta T-Connect a GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja, a inda kowa ke gani, da mabuɗin rumbun bayanai a ciki. Sai a Satumbar 2022 aka farga. Kusan shekara biyar adireshin imel na mutum 296,019 yana a bakin ƙofa buɗe. Uber ma ta sha irin wannan a 2016, inda aka tsinci mabuɗinta a GitHub aka kwashe bayanan mutum miliyan 57.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu koyo ke gyara kuskuren. Yaro ya gane ya saka mabuɗi cikin rubutun manhaja, sai ya goge layin, ya sake turawa, hankalinsa ya kwanta. Alhali Git, tsarin da GitHub ke aiki da shi, ba ya mantuwa, don ajiye tarihi aka yi shi. Tsohon layin na nan a baya, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai shara a GitHub suna tsintar irinsa.

Tun farko dai kada mabuɗi ya shiga rubutun. A ajiye shi a ma'ajiyar sirri irin Secrets Manager ko Vault, kada a tura wa abokin aiki ta WhatsApp. A ba kowane mabuɗi ikon aikinsa kaɗai: wanda zai karanta fayil bai kamata ya iya goge rumbu ba. Inda hali ya yi, a koma ga na wucin gadi, mai mutuwa da kansa bayan 'yan sa'o'i.

In kuma ya riga ya fita, ko na minti ɗaya ne, a kashe shi nan take a fitar da sabo. Bayan nan a buɗe CloudTrail, kundin Amazon na shige da fice, a bi sawu, a ga wa ya shiga da shi, daga ina, kuma me ya taɓa.