Tattali ko Rowa: A Jikin Wa Ka Rage?

Babbar sallar 2024 na yi layya da ragon da har yau ban tabbata nawa ba ne. Kuɗinsa kam na biya lakadan a kara, ban bar wa dillali ko kwabo ba. Amma a daidai lokacin, sunana na nan a littafin bashin mai shagon lungunmu: shinkafa, man gyaɗa, sabulu, sukari, cefanen wata biyu cur da nake ta cewa sai an yi albashi.

Ana jibi sallah ya zo wucewa ya tarar da ragon ɗaure a ƙofar gida, yara sun kewaye shi suna ba shi dusa. Ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Malam, rago ya yi kyau. Allah ya karɓa." Na ce amin. Bai ƙara ko kalma ba, ya wuce.

Ranar rabon nama na ware cinya guda na aika masa, ina jin kaina mutumin kirki. Yaron da na aika ya dawo yake gaya mini, ba da wata manufa ba, cewa gidan mai shago bana ba a yi yanka ba. Daga baya na ji dalili: jarinsa ya maƙale a hannun mutane irina. Ashe cinyar da na aika masa, da kuɗinsa aka saye ta.

Tun daga ranar nake juya wata tambaya a raina. Idan hali ya yi tsanani, kuma dole sai an rage wani abu, mene ne ya raba mai tattali da marowaci? Mene ne kuma ya raba mai kyauta da mai almubazzaranci?

Tambayar ba ta masu zaman hira ba ce kawai, domin kusan kowane gida ta shiga. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma kafin shekarar ta fita buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin wannan albashin gaba ɗayansa. Sallah kuwa ba ta san da wannan lissafin ba. Tana zuwa sau biyu a shekara da ɗinkinta, da takalmanta, da girkinta, da goronta, da ragonta.

Bahaushe ya daɗe da yanke wa irina hukunci, ya ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Sai dai karin maganar ta ɗauka cewa wawan ne kaɗai ke shan wuya. Ni abin da na gani, wawan ya ci soyayyen nama har mako biyu. Wanda ya kwana da baƙin ciki shi ne mai bin bashin. Kyautar da aka yi da kuɗin da wani ke jira ba kyauta ba ce, ɗaukar kayan wani ne a yi suna da shi.

Abin mamaki, addinin da muke fakewa da shi bai ɗora mana wannan nauyin ba. A wajen malaman Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai taɓa larurarsa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sukan bar yin layya a wasu shekaru, don kada mutane su ɗauka farilla ce. Ko a watan Fabrairun 2025, Sarkin Maroko Muhammad na shida ya nemi mutanen ƙasarsa su haƙura da yanka a wannan shekarar, saboda farin da ya rage dabbobi ya kuma tsawwala farashinsu. Shi kuwa bashi, sananne ne cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gawar wani da ake bi bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mu sai muka juya abin: wanda aka sassauta muka tsananta, wanda aka tsananta muka sassauta. Dalili kuwa a bayyane yake. Rago ana ganinsa a ƙofar gida, littafin bashi yana ƙarƙashin kanta.

To, na ce na yi hankali. Da azumin 2025 ya kama, bayan na sauke nauyin mai shago, sai na ɗauko biro da takarda na jera duk abin da ƙaramar sallah za ta ci, na shiga sokewa. Na soke atamfar da nake aika wa Goggo, ƙanwar mahaifina, duk shekara. Na raba goron sallar yarinyar da ke taya mu aiki biyu. Na soke kayan almajirin da ke yi mana ɗiban ruwa, na ce ai akwai tsofaffin kayan yara. Na rubuta cewa zan matsa wa tela ya rage kuɗin ɗinki. Da na gama na miƙa wa maiɗakina takardar, ina jiran yabo.

Ta karanta har ƙasa, ta ɗago ta ce, "Maigida, Allah ya ƙara basira. Amma na ga kowa an taɓa nasa, sai shaddarka ce kawai biro bai bi ta kanta ba."

Na buɗe baki zan ce ai ni ne mai fita idi, ni mutane za su gani, sai na ji yadda maganar za ta fito, na haɗiye ta. Kuɗin shaddar nan da aikin wuyanta sun fi duk abin da na soke in an haɗa su. Bara na ci da gumin mai shago don a gan ni da rago. Bana ina shirin ci da gumin Goggo da almajiri don a gan ni da shadda. Na ɗauka na tashi daga almubazzaranci na koma tattali, ashe ban motsa daga inda nake ba. Cutar ɗaya ce, riga kawai ta sauya.

A nan na samu ma'aunin da nake nema. Ba yawan abin da mutum ya kashe ko ya ɓoye ne ke nuna halinsa ba. Abin dubawa shi ne a jikin wa ragin ya sauka. Wanda ya rage daga kwalliyarsa, da sha'awarsa, da abin da yake yi don kada a ce, shi ne mai tattali. Wanda ya bar nasa cif, ya yanko daga haƙƙin wanda ba shi da bakin yi masa ƙorafi, shi ne marowaci, ko da kuwa ya sa wa abin suna tsari. Haka ma kyauta: wanda ya bayar daga abin da shi zai ji zafin rashinsa, ya yi kyauta. Wanda ya bayar daga abin da wani zai ji zafinsa, ya yi wa mutum biyu ƙarya, wanda ya ba da wanda ya hana.

Alƙur'ani ya yabi masu tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa a aya ta 67 ta Suratul Furƙan, ya kuma hana ƙunƙule hannu da sakinsa gaba ɗaya a aya ta 29 ta Suratul Isra'i. Da can ina ɗaukar tsakiyar nan a matsayin adadi, wato kada ka kashe da yawa, kada ka kashe kaɗan. Yanzu na fi ganinta a matsayin jerin gwano: wa ke gaba, wa ke baya. Mai bin ka bashi yana gaba. Cikin iyalinka yana gaba. Wanda ya yi maka aiki yana gaba. Idon maƙwabta shi ne na ƙarshe, amma shi muke fara sallama.

Wani zai ce, kai malam, ka cika lissafi. Kyautar sallah ba asara ba ce. Kwanon tuwon da ke fita daga gidan nan ya shiga wancan, da naira ɗari biyun da ake miƙa wa yaro ɗan yawon sallah, da turmin atamfar da ke tafiya ƙauye, su ne igiyar da ta ɗaure mu. Mafi yawanmu ba mu da inshora, ba mu da fansho mai kauri. Ranar da ciwo ya kwantar da mutum, waɗanda ya saba miƙa wa hannu su ne za su miƙo masa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda ya datse wannan da sunan tattali, ya adana naira ya zubar da mutane.

Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa na mayar da atamfar Goggo cikin takardar. Amma a lura, zumunci bai taɓa neman tsada ba, ɗorewa yake nema. Goggo ba ta san farashin atamfa a Kantin Kwari ba, kuma bai dame ta ba. Abin da ta sani shi ne ɗan wanta bai manta da ita ba. Mu ne muka ɗora wa kyauta farashi, har ya zama wanda ba shi da na leshi yana jin kunyar zuwa da sabulu, daga nan ya daina zuwa gaba ɗaya. Gasa ta fi tattali kashe zumunci, domin ita ce ke korar mai ƙaramin ƙarfi daga da'irar. Ai an ce kyauta ba ta kaɗan.

Wani kuma zai ce, yara fa? Su me suka sani game da farashin fetur? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma duk wanda ya taɓa wayar gari ranar sallah da tsohuwar riga yana kallon sa'o'insa ta zaure ya san ba wasa ba ce. Ban ce a hana yaro sabon ɗinki ba. Cewa na yi idan kuɗin mutum ɗaya za su isa, to uba ya wanke tasa ta bara ya sa mata sitaci. Babba yana da hankalin da zai ɗauki kallon mutane, yaro ba shi da shi. Kala ɗaya mai kyau ta ishi yaro murna. Kala uku da huɗun da ake jerawa har ranar hawan Nasarawa, yawanci ba don shi ake yi ba, don hoton da za a ɗora a WhatsApp ne.

Iyayenmu mata sun san duk wannan ba tare da sun rubuta shi ba. Sun san adashi, sun san asusun ƙasa da ba a fasawa sai azumi ya raba tsakiya. Sun san sayen gero da wake da kaka lokacin da suke araha, da shanya tumatir da kuɓewa don ranar tsada. Sun san kai ɗinki tun kafin a ga watan Ramadan, kafin tela ya fara kwana a shago ya ƙara kuɗi. Sun san sayen ɗan rago tun yana ƙarami a kiwata shi da dusa da ƙanzo. Maza kuma sun san watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama kashi-kashi. Ba wanda ya taɓa kiran waɗannan mutane marowata, domin duk ƙullin da suke yi, don su samu abin fitarwa ne ranar da ake fitarwa. Tattalin da ba ya ƙarewa a hannun wani, tarawa ce kawai.

Sai dai akwai wata gaskiya da ya kamata mai wa'azin tattali ya riƙe, don kada ya zama azzalumi da bakinsa. Shi kansa tattalin sai da ɗan abin hannu. Mai iya sayen buhu a Dawanau yana samun kwano da rahusa. Mai awon gwangwani da ƙullin man gyaɗa na kullum shi ya fi kowa biya da tsada, ba don rashin dabara ba, sai don hannu baka hannu ƙwarya. Wanda abincin darensa ya dogara da cinikin yininsa ba shi da shaddar da zai soke. Gaya masa ya yi tanadi kamar gaya wa mai ƙishi ya rage shan ruwa ne. Irin waɗannan ba su ne masu rubuta takarda ba, su ne sunayen da ke cikin takardar. Shi ya sa aka wajabta zakkar fidda-kai, sa'i guda na abincin gari a kan kowane mutum, a fitar kafin a tafi idi, don kada sallah ta zo ta tarar da wani gida ba a ɗora tukunya ba.

Saboda haka, kai mai karatu, idan kana cikin masu ɗan abin sokewa, ga abin da na koya da kunyata. Rubuta takardarka. Kafin biro ya sauka a kan kowane layi, tambayi kanka wa zai ji zafin wannan sokewar. Idan kai ne, soke, babu komai, raɗaɗin kwana ɗaya ne. Idan wani ne da ba zai iya duban idonka ya ce ka rage masa ba, ɗaga hannunka ka nemi wani layin.

Sallar nan da tsohuwar shaddata na je idi. Na yi ta sauraron wanda zai tanka, har aka shafa addu'a aka watse babu wanda ya lura. A hanyar dawowa na haɗu da mai shago cikin sabon farin yadi, yana riƙe da hannun ƙaramin ɗansa. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam, barka da sallah." Na ce, "Barkanmu dai, Allah ya maimaita mana." A karo na farko cikin wata tara, na gaisa da shi ban sunkuyar da kai ba.